Ya Kawo Kwaroron Roba, Ni Na Ce A Bari

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direban babbar mota ne, ina da mata da yara. Shekaranjiya a wani masauki na sadu da wani ɗan daudu mai karuwanci. Ya fito da kwaroron roba, na ce a bari tunda ba ciki zai ɗauka ba, har na ƙara masa kuɗi. Tun daren nan barci ya ƙaurace mini. Wanda ya yi shi ma yana ɗaukar ƙanjamau, ko wanda aka yi wa ne kaɗai? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ba ka amsa ranar da saƙonka ya iso, saboda maganarka ba ta jira fitowar mujalla. Na kawo ta nan ne don masu irin halinka da kunya ta hana su tambaya.

E, yana ɗauka. Fatar cikin dubura ba ta da kauri, tana saurin tsagewa, shi ya sa wanda aka yi wa ya fi shiga haɗari. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa a saduwa 10,000 da mai ƙwayar cutar, wanda aka yi wa kan kamu sau 138, mai yi sau 11. Kada 11 ɗin nan ta kwantar maka da hankali. Ta fi ta saduwa ta gaba, kuma tana hawa idan akwai gyambo ko ciwon sanyi. Binciken da aka yi a Najeriya a 2020 ya nuna kusan kashi 29 cikin 100 na masu rayuwa a jinsin da ba a haife su da shi ba suna ɗauke da cutar, alhali a sauran jama'a ba ta kai kashi 2 ba.

Akwai magani da ake kira PEP, mai kare mutum daga kamuwa bayan saduwar ta faru. Dole a fara shi kafin awa 72 su cika, a sha kwana 28 babu fashi. Ka je asibitin gwamnati sashen masu kula da ƙanjamau, ka ce ka sadu da wani babu kariya. Ba sai ka ba da labarin kowa ba. Za a gwada jininka nan take, a maimaita bayan wata uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin da ka ƙara. Mutumin nan ya nemi ya kare ku duka biyu, talauci ya sa ya haƙura. Ta yiwu ma kai ne haɗari gare shi, tunda ba ka faɗi ko ka taɓa gwaji ba.

Matarka kuwa ba ta ci ba, ba ta sha ba. Har sai gwajin ƙarshe ya fito, kada ka kusance ta sai da kwaroron roba. Kuma ban da basilin ko man gyaɗa a kansa, suna fasa roba. Akwai man santsi na ruwa a kemis, shi ba ya fasa roba.