Yadda ƙungiyoyin NHL ke auna matashin ɗan wasa kafin su zaɓe shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina zaune a Kanada, kuma ɗana ne ya jawo ni cikin kallon hokin ƙanƙara har na soma goyon bayan ƙungiyar garinmu. Bana ta ƙare kusa da ƙasan tebur, saboda haka tana cikin waɗanda za su fara zaɓen matasa a watan Yuni. Abokan aikina sun rabu gida biyu. Wasu na son wani gajeren ɗan gaba da ya tara maki masu yawa, wasu kuma na cewa a ɗauki wani dogon mai tsaron baya, tunda ta baya ƙungiyar ke da rauni. Ta yaya ake gane wanda zai yi kyau cikin yara 'yan shekara 18, kuma wanne ya kamata a ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hujjar da ɓangare na biyu suka kawo, cewa a ɗauki mai tsaron baya saboda raunin da ƙungiya ke da shi a yau, ita ce mafi rauni a cikin muhawarar, ko da a ƙarshe shi ɗin ne ya fi cancanta. Dalili kuwa shi ne yaron da aka zaɓa yana da shekara 18, in ka ɗebe 'yan ƙalilan irin su Connor McDavid da Connor Bedard, ba ya fara ɗaukar nauyin ƙungiya sai bayan shekara uku ko huɗu, kuma kafin lokacin an sayar da wasu 'yan wasa, kwantiragin wasu ya ƙare, wataƙila ma an sauya koci da manaja, raunin da ake kuka da shi ya koma wani wuri daban.

Tsarin zaɓen kansa mai sauƙi ne. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ana yin zagaye bakwai, wato kimanin matasa 224 a shekara, kuma dole yaro ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba ta shekarar zaɓen. Ƙungiyoyi 16 da ba su kai wasannin neman kofi ba suna shiga ƙuri'a don gurbin farko da na biyu, amma ba wadda za ta haura fiye da matsayi goma. Haka New York Islanders ta tashi daga ta goma zuwa ta ɗaya a 2025 ta ɗauki Matthew Schaefer. Abin da ya ƙara wa zaɓen daraja shi ne dokar ƙayyade jimillar albashi da aka kafa a 2005. Kwantiragin farko na matashi shekara uku ne kuma kuɗinsa ƙayyadadde ne, don haka ƙungiyar da ta samu gwani a cikin waɗannan shekaru tana cin moriyarsa da araha, ta kashe ragowar kuɗin a wasu gurabe.

Makin da abokanka ke ambata, wato jimillar cin da yaro ya yi da wanda ya taimaka aka ci, yana da muhimmanci ƙwarai, kuma ba na cikin masu raina shi, domin da wuya ɗan gaban da bai ci sosai tsakanin tsararrakinsa ba ya zo ya ci tsakanin manya. Sai dai lambar ba ta da ma'ana sai an san inda ta fito. Maki 90 a ɗaya daga cikin manyan gasannin matasa uku na Kanada, OHL da WHL da QMJHL, inda abokan karawa ba su wuce shekara 20 ba, ba lallai ya fi maki 25 a gasar SHL ta Suwidin ko Liiga ta Finlan ba, inda yaro ɗan shekara 17 ke karo da magidanta, sau da yawa kuma mintuna kaɗan ake ba shi. Ana kuma duba ranar haihuwa. Auston Matthews an haife shi ranar 17 ga Satumba, 1997, kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 2015, sai ya tafi Zurich ya buga kaka guda da manya kafin Toronto ta ɗauke shi na ɗaya a 2016. Shi dai gwani ne ta kowace fuska, amma labarinsa ya nuna cewa a cikin zaɓe guda akwai waɗanda suka girmi wasu da kusan shekara ɗaya, kuma a wannan mataki na girma shekara ɗaya tana sauya ƙirji da kafaɗa da ƙarfin ƙafa. Bayan haka sai a tambayi su wa yake bugawa tare da su, kuma nawa ne daga cikin makin ya samu a lokacin da abokan hamayya suka rasa mutum ɗaya saboda hukunci, domin cin da aka yi ana biyar da biyar shi ne ya fi bin yaro zuwa babbar gasa.

Ko an tace lambobin haka, cinikin biri a sama ne har yanzu. Nail Yakupov ya tara maki 101 a kakarsa ta farko da ƙungiyar Sarnia ta gasar OHL, Edmonton ta ɗauke shi na ɗaya a 2012 ba tare da mutane da yawa sun yi gardama ba, amma a 2018 ya bar NHL ya koma Rasha da maki 136 a wasanni 350. Saboda irin wannan ne ƙungiyoyi ke biyan masu farautar 'yan wasa su yi ta zirga-zirga a lokacin hunturu daga ƙaramin fili zuwa wani, kuma abin da idonsu ke bi ya bambanta da na 'yan kallo. A ce an harba faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo zuwa kusurwar gidan su yaron, shi kuma mai tsaron baya ne, ya juya yana zamiya don ya ɗauko shi, ɗan gaban abokan hamayya na biye da shi da gudu. Mai farauta ba ya kallon faifan, wuyan yaron yake kallo. Wanda ya waiwaya ta kafaɗar dama, ya sake waiwayawa ta hagu kafin sandarsa ta taɓa faifan, ya riga ya san inda abokinsa yake da ɓangaren da mai matsa masa ke fitowa, sai ka ga ya ɗan karkata jiki kamar zai bi bayan raga, ya juya ya miƙa faifan ta ɗaya gefen cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda bai waiwaya ba kuwa yakan isa wurin, ya ɗaga kai a makare, ya buga faifan a jikin katanga don kawai ya rabu da shi. A takardar sakamako dukansu ba su samu maki ba, amma a littafin mai farauta tazararsu ta kai zagaye biyu ko uku. Wannan saurin karanta wasa shi ne abin da na fi ba nauyi, domin a NHL fili ƙafa 200 ne a tsawo da 85 a faɗi, ya fi na yawancin Turai ƙunci, kuma lokacin tunani ya ragu matuƙa.

Zamiya a kan ƙanƙara tana biye, amma ita tana gyaruwa fiye da yadda aka ɗauka a da. Brayden Point ya sauka har na 79 a 2014 saboda ana ganin ƙarami ne kuma ba shi da gudu. Tampa Bay ta ɗauke shi, ya yi aiki da mai horar da zamiya Barb Underhill, ya zama ɗan tsakiyar da ƙungiyar ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, da shi a 2020 da 2021. Batun tsawo kuma, wanda shi ne ainihin abin da ya raba abokanka, tarihin shekarun baya-bayan nan ya fi nuna ƙungiyoyi suna asara wajen gudun gajeru fiye da yadda suke asara wajen ɗaukarsu. Alex DeBrincat ya jira har na 39 a 2016, daga baya ya ci 41 a kaka guda a Chicago. Lane Hutson, mai tsaron baya mara nauyi, ya jira har na 62 a 2022 kafin Montreal ta kira sunansa, a 2025 kuma shi ya lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa. Tsawo dai yana da amfaninsa na gaske: doguwar sanda tana toshe hanyar faifai, kuma a wasannin neman kofi, inda ake karo da ƙungiya ɗaya har sau bakwai, jiki mai nauyi yana gajiyar da abokin hamayya. Abin da na ƙi shi ne a mayar da tsawo dalilin farko, a yi fatan sauran za su zo daga baya, alhali shi dogon yaron wataƙila ya mamaye gasar matasa ne don ya riga tsararrakinsa girma.

Game da zaɓe don cike gurbi, zaɓen 2018 ya ishe mu misali. Montreal ta daɗe tana neman ɗan tsakiya, sai ta ɗauki Jesperi Kotkaniemi na uku. Ottawa ta ɗauki Brady Tkachuk na huɗu, wanda ya zama kyaftin ɗinta, Vancouver kuma ta samu Quinn Hughes na bakwai, wanda ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron baya a 2024. Kotkaniemi ɗan wasa ne na NHL, ba a ce bai iya ba, amma a 2021 ya riga ya koma Carolina, Montreal kuma ta ci gaba da neman abin da ta zaɓe shi dominsa. Masu tsaron raga ma suna da nasu darasin, domin su ne suka fi jinkirin nuna kansu: a shekarar 2000 Islanders ta ɗauki Rick DiPietro na ɗaya, a zaɓen nan kuma New York Rangers ta tsinci Henrik Lundqvist a na 205. Shi ya sa yau ba kasafai ake kashe gurbin sama a kan mai tsaron raga ba.

Ƙungiya mai dabara ba ta tsayawa kan zagayen farko. Daga zagaye na uku zuwa ƙasa yawancin waɗanda aka zaɓa ba sa zama 'yan wasan NHL na dindindin, don haka hikimar ita ce a tara gurabe da yawa, kuma a yi amfani da su kan yaran da ke da wata baiwa guda fitacciya ko da suna da aibi, maimakon waɗanda komai nasu matsakaici ne. Detroit ta gina daularta ta wannan hanya: Nicklas Lidström na 53 a 1989, Pavel Datsyuk na 171 a 1998 bayan an tsallake shi a zaɓe biyu, Henrik Zetterberg na 210 a 1999. Biyun ƙarshe suna da alaƙa da aikin Håkan Andersson, mai farautarta a Turai, kuma da ɗan gari akan ci gari. Yanzu da kowace ƙungiya ke da bidiyon kusan kowane wasa, irin wannan ɓoyayyiyar taska ta ragu, sai dai haƙuri ya maye gurbinta. Minnesota ta ɗauki Kirill Kaprizov na 135 a 2015 ta jira shi yana buga gasar KHL ta Rasha har 2020, bai fara buga mata ba sai Janairun 2021, Philadelphia kuma ta samu Matvei Michkov a na bakwai a 2023 saboda wasu ƙungiyoyi sun ji tsoron kwantiraginsa a Rasha.

Akwai kuma lokacin da ya dace a sayar da matashi ko gurbin zaɓe. Dallas ta zaɓi Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, na 11 a 1995, kafin ƙarshen shekarar ta miƙa shi ga Calgary don ta karɓi Joe Nieuwendyk. Iginla ya ci fiye da 600 a rayuwarsa ta wasa, Dallas kuma ta ɗauki kofi a 1999 da Nieuwendyk a matsayin gwarzon wasannin neman kofin, kowa ya samu abin da ya nema. Amma Dallas ta yi wannan ciniki ne tana hangen kofi a kusa. Ƙungiyar da ke ƙasan tebur irin taku, sayar da gurbinta na sama don ɗan wasa mai shekara 29 zai ɗaga ta zuwa tsakiyar tebur ne kawai, inda babu kofi kuma babu zaɓe mai kyau.

A ɗakin taron ƙungiya, kafin ranar zaɓe, masu farauta kan jera matasa rukuni-rukuni bisa abin da suke ganin kowanne zai zama yana da shekara 23, suna haɗa rahotanninsu da lambobi da jerin hukumar farauta ta NHL da kuma abin da aka gani a taron gwajin jiki da ganawa da ake yi wa matasan a birnin Buffalo na Amurka. Idan ɗan gaban nan yana rukuni na sama, dogon kuma yana na ƙasa da shi, ɗan gaban za a ɗauka ko da ƙungiya na da irinsa biyar, domin gwani yana sayuwa daga baya a karɓi mai tsaron baya da ya riga ya nuna. Idan kuwa rukuninsu ɗaya, a nan ne kawai matsayi ke raba gardama, kuma a nan ni ma zan karkata ga mai tsaron bayan, musamman in yana riƙe sanda ta dama, saboda irinsu sun fi wuyar samu a kasuwa. Ka nemi cikakken wasa biyu ko uku na kowannensu maimakon gajerun bidiyon cin raga, ka zauna da ɗanka ku ƙirga sau nawa dogon ya fitar da faifai daga gidansu zuwa sandar abokinsa yayin da ake matsa masa, ku kuma duba ko gajeren yana shiga tsakiyar fili gaban raga inda ake dukan mutum, ko a gefen katanga yake tara makinsa.