Sun Daina Natsuwa Sai Sun Ga Alewa

Tambaya: Aji uku nake koyarwa a firamare. Na fara raba wa masu natsuwa alewa, da farko abin ya yi kyau, yanzu ba mai yin shiru sai ya ga leda a hannuna. Ina mafita? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, alewar ta zama ladan aiki, shi ya sa ranar da babu ita aji ke yamutsewa. Ki koma ba da maki. Zaɓi ɗabi'u uku kacal da ido ke gani: ɗaga hannu kafin magana, zama kafin kiran suna, kawo aikin gida. "Ku zama yaran kirki" ba ya aunuwa.

Raba ajin layi-layi, kowane layi da gurbinsa a gefen allo. Da sun yi abin, ki rubuta makin nan take, ki faɗi dalili: "Layin taga, maki ɗaya, kun ɗaga hannu." Kada ki goge makin da aka riga aka ci don horo, layin da aka bari a baya watsar da abin yake yi, ko su huce a kan yaro ɗaya.

Ranar Juma'a duk layin da ya kai maki 20, ba na ɗaya kaɗai ba, ya zaɓi tatsuniya ko ya fara fita tara. Bayan wata guda ki riƙa jinkirta makin, yabon kuwa ya ci gaba kullum.