Cinyewar gaid ɗin bawul a injin LS7 na Corvette Z06: a auna kafin a yanke shawara

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabuwar mota. Ka ce Corvette Z06 ce ta 2008 da aka sayo maka daga gwanjon Amurka, ba ta hayaƙi, ba ta wani ƙara, amma ana ta tsorata ka da maganar gaid ɗin bawul, kana tambaya ko ka buɗe inji ko ka ci gaba da hawa. Shawarata, kada ka ba ta wuta sosai sai an auna. Rashin hayaƙi da rashin ƙara ba shaida ba ne a wannan injin.

Gaid shi ne ɗan bututun da aka dasa cikin kan inji, wanda makanikai ke kira top silinda, sandar bawul (marfin da ke buɗe wa iska ko hayaƙi hanya a silinda) na hawa da sauka a cikinsa. Aikinsa biyu: ya riƙe bawul ya sauka daidai kan mazauninsa, ya kuma janye zafi daga sandar. LS7, mai lita 7 da ƙarfin doki 505, wanda aka sa wa Z06 daga 2006 zuwa 2013, yana wahalar da gaid fiye da sauran 'yan gidansu. Bawul yana buɗewa kusan milimita 15, rokarsa, wato ƙarfen da ke danna kan sandar bawul ya buɗe, mai ninki 1.8 ce, inji kuma yana kai juyi 7,000 a minti. A wannan gudun kowane bawul yana bugun mazauninsa sau 58 a daƙiƙa ɗaya. Roka ba ta danna kan sanda a miƙe, goga shi take tana ɗan tura shi gefe, kuma yadda buɗewa ta ƙaru haka turin yake ƙaruwa. Ƙari a kan haka, kamfanin GM, wanda ya ƙera motar, da kansa ya amsa cewa an samu kuskure wajen aikin ramin gaid a wasu kawunan inji, ya ce an tsaurara dubawa daga farkon 2011. Taka ta 2008 ce, wato kafin a tsaurara.

Abin tsoron yana ɓangaren bawul ɗin fitar hayaƙi. Sandarsa rami gare ta, an zuba sodiyam a ciki. Sodiyam yana narkewa a wajen digiri 98, sai ya riƙa kai da komo yana kwaso zafi daga kan bawul zuwa sanda, sanda ta miƙa wa gaid. Da gaid ya yi faɗi, haɗuwarsu ta ragu, zafi ya rasa mafita. Sannan bawul ya fara sauka a karkace, gefe ɗaya ya riga taɓa mazauni, wuyansa ya ɗan lanƙwasa ya dawo. Ƙarfe mai rami da ake lanƙwasawa haka yana cikin wuta, wata rana kan bawul ɗin zai ɓalle ya faɗa silinda. Daga nan fistan ya tafi, hannun fistan na taitaniyam ya tafi, sau da yawa har bulok ya tsage.

Dalilin da ya sa ba ka ganin hayaƙi shi ne, a ɓangaren fitar hayaƙi babu zuƙar da za ta jawo baƙin mai ƙasa kamar yadda ake samu a ɓangaren shigar iska, kuma sil, robar da ke hana mai bin sandar bawul, in yana da lafiya yana rufa wa gaid asiri. Gwajin kwamfureshan ma yakan fito lafiya lau, domin inji na tsaye sifirin yana jawo bawul ya zauna. Idan ka ga shuɗin hayaƙi da safe, ko bayan ka saki totur a gangara ka sake takawa, ko fulogi ya jiƙe da mai, to abin ya riga ya yi nisa. Af, wajen duba mai: injin nan tankin mansa daban yake, sai ya yi zafi, a kashe, a jira minti 5 zuwa 20 kafin a zaro sandar awo. Wanda ya duba da sanyi zai ɗauka mai ya ƙare, ya ƙara har ya yi yawa.

Awon farko ba sai an sauke kan inji ba. A cire murfin bawul da rokoki. A juya inji fistan ɗin silindar da ake aiki a kai ya hau can sama, don ko bawul ya suɓuce ba zai nutse ba. A cire sifirin da sil, a saki bawul ya ɗan bar mazauninsa kaɗan. A kafa agogon awo mai allura a jikin sanda, dab da bakin gaid, a girgiza sandar da yatsa ta hanyar da roka ke turawa, sannan ta ɗaya gefen. A rubuta na dukkan bawul 16, kada a auna biyu a ce sauran haka suke, domin a kai ɗaya za ka samu wani lafiya, na kusa da shi ya lalace. Lura da cewa wannan awon yana ƙara gishiri: yadda allura ta yi nisa da bakin gaid, haka lambar ke kumbura. Ishara ce kawai.

Awo na gaskiya sai an sauke kai. A auna kaurin sanda da maikuromita, a auna cikin gaid a wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Gaid ba ya cinyewa bai ɗaya, siffar kalangu yake ɗauka, baki biyun su buɗe, tsakiya ta tsuke. Wanda ya auna tsakiya kaɗai zai ce maka lafiya ƙalau. Tazarar sabo tana tsakanin milimita 0.025 da 0.066, iyakar da GM ya yarda a ci gaba da aiki kuma 0.093 ce. Ko guda ɗaya ya wuce, a gyara kawunan injin biyu gaba ɗaya.

Wajen gyara ne aka fi yin ɓarna. Cusa sabon gaid ba shi ne aikin ba. Ana ɗumama kan inji, a sanyaya gaid, a dasa shi, a goge cikinsa ya kai tazarar da ake so, sannan dole a sake yanka mazaunin bawul bisa tsakiyar sabon gaid. Karkatar mazauni kada ta wuce milimita 0.05, gwanaye ma rabin haka suke nema. Idan tsakiyar mazauni da ta gaid ba su haɗu ba, bawul zai ci gaba da sauka a karkace, sabon gaid ya bi sawun tsohon, ko da na wane ƙarfe ne. Saboda haka gardamar da ake yi tsakanin gaid na tagulla da na garin ƙarfe irin na kamfani, a ganina ba ta kai wannan muhimmanci ba. Ka tambayi mai aikin ko yana da abin auna karkatar mazauni, ya kuma ba ka lambobin a rubuce. In ya ce da ido yake gane wa, ɗauki kayanka. Kawunan aluminiyam ne, aika su inda aka saba aikinsu ya fi sauƙi a kan neman wani inji.

Ka ja wa makanikenka kunne kan abin da aka saba yi a garejinmu, wato murza bawul da man gurza don ya zauna. Bawul ɗin shigar iska na LS7 taitaniyam ne mai siririn rufi a jiki. Man gurza yana cinye rufin, taitaniyam tsirara kuma cin gaid da mazauni yake. Wanda rufinsa ya kwaile a sanda, a canza shi. A saman sandar kowane bawul ɗin shigar iska akwai 'yar hula ta ƙarfe da roka ke takawa, ƙarama ce ƙwarai, takan faɗi ba a lura ba, a ƙirga guda 8 kafin a rufe. Tsofaffin na hayaƙi kuwa kada a mayar da su, kada kuma a yanka su a ga abin da ke ciki, sodiyam yana kamawa da wuta in ya taɓa ruwa.

Wasu suna komawa bawul ɗin hayaƙi na bakin ƙarfe marar tsatsa, wanda babu rami. Ya fi jure dukan, amma ya fi nauyi, don haka sai da sifirin da ya dace da shi, in ba haka ba a babban juyi bawul ya riƙa tsalle. Idan mai motar na farko ya sa kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, mai buɗewa fiye da na kamfani, a duba wannan ma, yana gaggauta cinyewar.

Wajen haɗawa, kusoshin kai sababbi, domin irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su. Gaskit da sil sababbi. Kusoshin roka a ɗaure su Nm 30 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, bawul yana rufe. Kafin a rufe murfi, a shafa baƙar maka a saman sandar bawul, inda roka ke takawa, a juya inji da hannu zagaye biyu, a cire roka a duba: sawun ya zama siriri kuma kusa da tsakiya. In ya yi faɗi ko ya zame gefe, roka tana tura sandar, a gyara zamanta tun kafin a tayar da inji.