Amsa ga almajirina kan haƙorin da ya daina zogi

Ɗana, jiya bayan mun tashi daga aiki ka tambaye ni ko akwai laifi idan ka ƙyale majiyyacin nan naka da cikon wucin gadi, tunda ka cire masa ɓargon haƙorin, wato naman cikinsa mai jijiya da jini, zogin ya tsaya, shi kuma ya ce bai ga dalilin dawowa ba. Ban ba ka amsa nan take ba saboda raina ya ɓaci, domin tambayar ta tono mini wani miki da har yau bai warke ba.

Ba zan ɓata lokaci ina koya maka yadda ake allurar kashe zafi ko yadda ake huda haƙori a kai ga ɓargo ba, wanda bai iya wannan ba bai isa ya riƙe ko madubin baki a ɗakina ba. Ka saurari abin da ya same ni.

Shekaru da dama da suka wuce wani mutum ya shigo mini da yamma ana shirin rufe ƙofa, ya dafe kunci, ido ya yi ja, ya ce kwana uku bai runtsa ba. Turmin farko ne na sama ya rube har ƙwayoyin cuta suka kai ga ɓargo. Na sallami ma'aikata na zauna da shi. Na sa shimfiɗar roba na keɓe haƙorin, ina buɗewa warin mugunya ya bugi hancina. Hanyoyi uku na saiwoyin sun bayyana ba wahala, amma na san wannan haƙori yakan ɓoye ta huɗu a saiwar gaba ta wajen kunci, kuma ita ce ke kunyata likitoci masu gaggawa. Na fi awa guda a sunkuye da gilashin ƙara girma ina kankarewa a hankali, har na same ta a ƙarƙashin wani ɗan tudu, bakinta bai fi silin gashi ba. Wuyana ya sage, amma na yi farin ciki irin wanda sai mai sana'a ya san shi. Na auna tsawon kowace hanya, na wanke, na zuba maganin kalsiyam haidiroksaid, na rufe da cikon wucin gadi, na ce ya dawo bayan mako biyu mu cike hanyoyin sannan a yi wa haƙorin hula, wato murfi mai ƙarfi da ke lulluɓe shi. Ya riƙe hannuna yana rantsuwa yana cewa, "Likita, wallahi ka cece ni, ranar da zan dawo zan zo da haƙƙinka gaba ɗaya." Na yarda da shi.

Mako biyu suka wuce, wata ya wuce. Na sa aka yi ta kiransa bai ɗauka ba. Sai bayan wata tara ya faɗo mini tare da wani ɗan'uwansa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin jira yana ɗaga murya wai na lalata masa haƙori. Ina gani mutum biyu da suka zo ganina suka miƙe suka fice, kuma ban sake ganinsu ba. Da na lallashe shi ya zauna, na tarar cikon ya daɗe da zubewa, haƙorin ya rabe gida biyu har cikin saiwa, hoton eksire kuma ya nuna baƙar inuwa a ƙarshen saiwar inda cuta ta cinye ƙashi. Da hannuna na cire haƙorin da na sha wahalar ceto, na ajiye ɓarin biyu a kan faranti ina kallon bakin hanyar nan ta huɗu. Bai biya ni na farko ba, bai biya na biyu ba, ya kuma tafi da sunana a bakinsa. Kuɗin na daɗe da haƙura da su, haƙorin nan ne na kasa yafewa.

To, abin da ya faru a bakin mutumin nan shi ne amsarka. Zogi ya tsaya ne kawai don jijiyar da ke kai saƙo ta tafi, ƙwayoyin cutar kuwa suna nan a ƙananan rassan saiwa da cikin jikin haƙorin. Cikon wucin gadi na ɗan lokaci ne, yakan zaizaye, miyau ya kwararo da sababbin ƙwayoyin cuta cikin hanyoyin da ka wanke. Tun a 1965 wani mai bincike, Kakehashi, da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓeraye cewa ɓargon da aka buɗe ba ya rubewa idan babu ƙwayoyin cuta, saboda haka dukkan aikinmu korarsu ne da toshe musu ƙofa. Kada kuma majiyyacinka ya ruɗe ka da maganar shan magani a gida: haƙorin da ya rasa ɓargo jini ba ya shiga cikinsa, maganin da ke bin jini ba zai kai inda cutar take ba. Ga shi kuma ruɓa ta ci bangon haƙorin, kai ma ka huda shi, alhali turmi shi ke ɗaukar nauyin tauna. In ba hula, tsagewa yake jira.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne sauri. Kun kalli bidiyo a waya, an ba ku injin da ke juya magagari, kuna ganin minti goma sun isa. Magagari buɗe hanya kawai yake yi, ruwan sodiyam haifokulorait ne ke narkar da ragowar nama ya kashe cuta, kuma sai an ba shi lokaci. Shekaranjiya na leƙa na gan ka kana aiki ba shimfiɗar roba, abin da likitan haƙori Barnum ya ƙirƙiro tun 1864. Ranar da magagari ya suɓuce maka ya faɗa maƙogwaron mutum za ka san amfaninta. Mu a zamaninmu maigida bai bari na taɓa turmi ba sai da na buɗe cirarrun haƙora masu yawa a kan tebur.

Ka kira majiyyacin nan yau, ba gobe ba. Ka nuna masa hoton haƙorinsa, ka faɗa masa ƙarara cewa zai iya rasa haƙorin, ka rubuta a fayil ɗinsa cewa ka faɗa, in ya ƙi dawowa ya sa hannu. In ya dawo, kada ka sa gata-faca, robar cike saiwa, a hanyoyin sai ka kawo mini hoton awo na gani da idona, kuma in turmin sama ne ka nemo mini ta huɗun.