Harafin B a Takardar Asibiti: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, kuma harafi ɗaya ne ya tayar wa masu su hankali.

Tambaya: Likita, na je awon ciki aka ɗebi jinina, sai na ga an rubuta B+ a katina. Maƙwabciyata ta ce ciwon hanta ne ya kama ni. Tun ranar ban runtsa ba.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. B+ rukunin jininki ne, da shi aka haife ki, ba ciwo ba ne. Rukunonin jini huɗu ne: A, B, AB da O, kuma Karl Landsteiner, likita ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya fara gano uku daga cikinsu a 1901. Alamar tarawar nan kuwa tana nufin akwai sinadarin Rh a jikin jajayen ƙwayoyin jininki. Ga mai juna biyu wannan sauƙi ne, domin mai alamar ɗebewa ce muke ƙara sa wa ido, kada jininta ya yaƙi na jaririn.

Gwajin ciwon hanta nau'in B daban yake, HBsAg ake rubutawa. Ɗauko katin ki duba layinsa. Idan wurin babu komai, ki nemi a yi miki kafin haihuwa. Ina naci a kan wannan ne saboda jaririn da ya ɗauki cutar daga uwa yakan rayu da ita har girma, alhali allurar rigakafin da ake yi cikin awa 24 na farko tana ba shi kariya sosai.

Tambaya: An tabbatar ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani aboki ya ce in dage da shan bitamin B, tunda duk B ne.

Amsa: Malam, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ƙwayoyin cutar hanta an jera su da haruffa, A zuwa E, haka ma aka jera bitamin, ba tare da wata dangantaka ba. Shi bitamin B ma ba guda ba ne, takwas ne. Ƙarancin B12 yana kawo ƙarancin jini da mutuwar tafin ƙafa, B6 kuma mukan haɗa wa masu shan maganin tarin fuka. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke kashe ƙwayar cutar hanta.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya shekara yana haɗiyar bitamin da zaton yana magani, hantar kuma tana lalacewa a ɓoye. Akwai magunguna irin su tenofovir da entecavir masu danne cutar, amma ba kowa ke buƙatarsu ba, gwaji ne zai nuna. Ka riƙa zuwa duk lokacin da aka sa maka, ka guji barasa da maganin da ba likita ya rubuta ba, sannan a gwada iyalinka a yi musu rigakafi. Cin abinci tare ba ya yaɗa ta.

Tambaya: An rubuta wa mahaifina magani, a gefe aka sa b.d. Mene ne wannan?

Amsa: Taƙaitawa ce daga Latinanci, ma'anarta sau biyu a rana. A ba Baba ɗaya da safe ɗaya da dare, da tazarar kusan awa 12. Kada a haɗa masa biyun a lokaci guda, ko da an manta na safe.