Shiga sojan Amurka da burin aikin lafiyar ƙwaƙwalwa

Wani matashi ɗan Gwammaja da ke zaune a Amurka da girin kad (takardar izinin zama na dindindin) ya aiko da tambaya: yana son shiga soja, amma burinsa kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, ga shi hankalin Hajiyarsa a Kano bai kwanta ba. Ta ina zai fara?

Ɗan'uwa, girin kad ya isa ka shiga a ƙaramin soja, hafsa kuwa sai ɗan ƙasa. Gurbin da ya dace da kai a sojan ƙasa shi ne 68X, mai taimaka wa likitocin ƙwaƙwalwa. Maki 31 a ASVAB, wato jarrabawar shiga soja, na buɗe maka ƙofa, amma wannan gurbi yana neman 101 a sashen ST, wato na ƙwarewar fasaha, don haka ka dage da kimiyya, lissafi da Turanci kafin ka zauna. Sakamakonka na WAEC ko NECO kuma sai an tantance shi a can, ka sa a aiko maka da asalin takardun tun yanzu.

Inda aka fi yin asara shi ne ranar sa hannu. Alkawarin baki na jami'in ɗaukar soja ba ya ɗaure kowa. In babu 68X a rubuce cikin yarjejeniyar, ka haƙura ka jira gurbi ya fito, domin shekara 8 za ka ɗaure kanka, wasu a bakin aiki, sauran a jiran ko-ta-kwana. A gwajin lafiya na MEPS, cibiyar tantance masu shiga soja, kada ka ɓoye in ka taɓa shan maganin damuwa. Suna ganin bayanan asibiti a kwamfuta. Wanda ya faɗi gaskiya yana iya neman sassauci, wanda ya ɓoye kuwa kora yake jawo wa kansa.

Bayan mako 10 na horon farko, za ka koyi aikin a sansanin soja na Fort Sam Houston da ke Texas. Sai dai ka sani, 68X ba lasisin duba marasa lafiya ba ne, samun lasisin sai da digiri na biyu ko na uku. Ribarka ita ce gogewa, da kuɗin karatu na wata 36 da GI Bill, tsarin tallafin karatun sojoji, ke biya cikakke bayan shekara 3 na aiki, da neman zama ɗan ƙasa kyauta da fom N-400 da N-426. Tunda haifaffen Najeriya ne kai, fasfonka na gida yana nan daram.

Hajiya kuma, ka faɗa mata gaskiya kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba. Ana iya tura ka fagen daga, kuma zuwa gida hutun Sallah sai da izinin kwamanda, wanda ba lallai a samu ba tunda Amurka ta sa Kano cikin jihohin da take gargaɗin kada a je. In da hali, ka zo ka durƙusa gabanta ka nemi albarka tukuna, ka kuma leƙa asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ka ga aikin da ke jiranka in ka dawo.