Wannan ba matar sha-kauci ba ce, yarona

Saƙonka ya same ni bayan sallar asuba, ku kuma can Perth ta Ostareliya rana ta yi tsaka, tun da kun riga mu da awa 7. Na ga hoton, in dai za a kira shi hoto: reshe ya fito tas, tsuntsun kuwa kamar an shafa toka a bango. Ka ce, "Malam, wannan ɗan tsuntsu mai lanƙwasasshen baki da na gani yana shan fure a lambun Kings Park, ba matar sha-kauci ba ce? In ba ita ba ce, yaya zan tabbatar da shi?"

Ba ita ba ce. Amma ban ga laifinka ba, don ni ma da ƙafata ta fara taka wannan lambu haka na faɗa da ƙarfi a gaban wata tsohuwa mai kallon tsuntsaye, ta dube ni ta yi murmushi, ta ce in sake dubawa. Idon da ya saba da dajin Amurum na Jos, duk ƙaramin tsuntsu mai shan fure sha-kauci yake gani. A duk faɗin Ostareliya irin sha-kauci ɗaya ne tak, yana can gaɓar arewa maso gabas, a Queensland, nesa da kai ƙwarai. Abin da ke gabanka ɗan wani gida ne daban, Meliphagidae, waɗanda Turawa ke ce wa honeyeater, ni kuwa sha-zuma nake ce musu. Irinsu ya haura 180, a Ostareliya da New Guinea da tsibiran da ke kewaye, babu ko ɗaya a Afirka. Sana'a ce ta haɗa su da namu, ba jini ba. Kada kuma ka rikita su da tsuntsun nan namu da ke jan mutum zuwa amya. Shi ma wani gida ne.

Zatona naka shi ne ƙaramin nan mai ruwan ƙasa, Lichmera indistincta. Masana dabbobi Vigors da Horsfield da suka raɗa masa suna a 1827 ba su yi masa kara ba, don kalmar ta biyu na nufin wanda bai fita sosai ba, marar wata alama. Tsawonsa tsakanin santimita 12 da 16, nauyinsa bai wuce dunƙulen Maggi uku ba. Bayansa ruwan ƙasa mai sirkin toka, cikinsa ya fi haske, gefen fikafikai da wutsiya da ɗan rawaya-rawaya kamar ganyen da ya fara bushewa.

Inda za ka kafa madubin hangen nesanka shi ne bayan ido. Akwai wani ɗan tabo rawaya a nan, mai kusurwa uku, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Sai ya juya kai haske ya faɗa wurin za ka gan shi, daƙiƙa ɗaya, ya ɓace. To a nan ake yaudarar sabon shiga. Tsuntsun da ya yini yana cusa kai cikin fure, goshinsa da gindin bakinsa sukan ɗauki garin fure, rawaya ko ruwan goro, sai ka rantse launin gashinsa ne. Furen nan da suke kira tafin kangaru ma aikinsa ke nan, ya shafa wa mai sha gari a ka don ya kai wa na gaba. Garin fure a gaba yake, a barbaje; tabon gaskiya a bayan ido yake, da iyakarsa, kuma iri ɗaya ne hagu da dama. 'Yan shila kuma wani lokaci tabon bai gama fitowa ba, saboda haka rashinsa kaɗai ba hujja ba ce.

Sannan ka dubi kusurwar baki, inda leɓen sama da na ƙasa suka haɗu. A mace rawaya ce mai haske. A namiji takan koma baƙa lokacin kiwon 'ya'ya. Wannan sai tsuntsun ya natsu kusa da kai.

Amma gaskiya ni da kunne nake kama shi kafin ido. Jikin ba komai, muryar kuwa ta cika lambu: ƙarfi, zaƙi, yana maimaitawa yana murɗa ta, tun da sassafe. Ƙaramin goro ya fi babban dutse. In ka ji waƙar da ta fi ƙarfin abin da kake gani a kan reshe, to kusan ka gama.

Kuskurenka na ainihi, na gane shi daga hoton, bin tsuntsun kake yi. Daina. Nemi itacen da ya yi fure sosai, banksiya ko girebiliya ko turare, wanda mu ma daga can aka kawo mana shi, ka ba rana baya, ka zauna rabin awa. Daga Satumba zuwa Nuwamba lambun nan fure ba ya yankewa. Za ka ga manyan 'yan gidansu, musamman ƙaton nan mai jan leɓe a wuya da mai zanen baƙi da fari da farin ido, suna korarsa kamar kuɗinsu ne. Shi kuma ya laɓe, su ba da baya ya dawo, ya rataye kai ƙasa ya sha, ya yi tsalle ya cafke ƙwaro a iska. Harshensa a ƙarshe ya rarrabu kamar aswakin da aka tauna, da shi yake lasar ruwan furen, ba kamar na sha-kauci da ya fi kama da bututu ba.

In Allah ya nuna maka sheƙa, ita ma shaida ce. Tasa ɗan ƙoƙo ne buɗaɗɗe na ciyawa da ɓawon itace da yanar gizo-gizo, sau da yawa ƙasa-ƙasa cikin ganye, ba jakar nan mai ƙofa a gefe da namu ke ratayewa ba. Ka gani ka ja baya. Kuma kada in ji ka kunna masa waƙarsa a waya don ya matso. Namijin zai bar abincinsa ya zo neman kishiyar da babu ita.

Gobe ka bar kyamara a jaka. Ka ɗauki littafinka ka rubuta mini ƙarfe nawa, wane fure, launin kusurwar baki, da ko tabon ya fito ta gefe biyu. Ka naɗo mini muryar ko ta daƙiƙa 20 ce. Ka gai da mutanen gidan da ka sauka.